Khalifa na son bikin ranar haihuwa, Abbansa bai sake ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana Khalifa zai cika shekara 7 nan da sati uku. Tun da ya je bikin wani ɗan ajinsu, inda aka kama wuri aka sa wa yara kayan wani jarumin katun, ya hana ni sakat. Abbansa bai ce e ba bai ce a'a ba, cewa kawai ya yi shi bai taso ya ga ana yi ba. Gida ɗaya muke da abokiyar zamana, 'ya'yanta uku, maza biyu da mace ɗaya, ba a taɓa yi wa ko ɗaya ba. Ina da keken ɗinki, na iya daidai gwargwado, amma abin da ke hannuna bai taka kara ya karya ba, kuma ba ni da abin gasa kek. Ta ina zan ɓullo wa abin? Maman Khalifa, daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Allah ya raya Khalifa da 'yan uwansa, ya yi musu albarka.

Kafin almakashi ya taɓa yadi, maganar Abbansu ce a gaba, domin shirun da ya yi ba izini ba ne. Malamai sun saɓa a kan wannan biki: akwai masu ganin kwaikwayo ne da bai dace ba, akwai masu ɗaukarsa al'ada muddin babu saɓo a ciki. Nan ba zauren fatawa ba ne, kuma ba ke kaɗai za ki yanke wa gidan hukunci ba. Ki same shi ranar girkinki, ya ci ya huta, ki zayyana masa abin da kike nufi: yara goma sha biyu, a tsakar gida, awa ɗaya da rabi, babu mai kiɗa, babu hayar kujeru, ga iyakar abin da za ki kashe. Galibi abin da maigida ke gudu shi ne hidimar da bai san inda za ta tsaya ba. Idan sunan bikin ne ya tsaya masa a rai, a ɗaga zuwa ranar da Khalifa ya kai wani izu ko aka ba da hutun makaranta, a yi walima. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa zai yi aiki haka nan. Idan kuwa ya ce a'a ƙarara, kada ki lallaɓa ki yi a gidanku. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya riƙe sirri, kafin a yi isha'i labari ya iso.

Bayansa sai abokiyar zamanki. Ki je ɗakinta da ƙafarki, tun kafin ta ji a bakin yara, ki nemi ta sa hannu. Ki kuma sani cewa abin da aka yi wa Khalifa bana, shi 'ya'yanta za su jira idan tasu ranar ta zo, kuma suna da gaskiya. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin abu ƙarami wanda gidan zai iya maimaitawa sau huɗu a shekara ba tare da an ci bashi ba.

Maganar jarumin katun kuwa, shawararmu ki bar ta. Kayan na kanti roba ce mai shaƙe jiki, minti goma gumi ya jiƙa yaro, abin rufe fuskar kuma yana tare gani. Wanda za ki ɗinka a gida, Khalifa zai gwada shi da na abokinsa ya ga bai kai ba, wahalarki ta tashi a banza. Ki ɗauko abin da babu ɗan ajinsu da ya yi, ki yi masa hawan sallah a tsakar gida. Ɗan Kano ne. Ko bai taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ba, ya ga dawakai da dogarai a talabijin ko a waya. Shigar wasa ma ba baƙuwa ba ce a wurin yaranmu, kowace shekara suna yin ta a tashe da tsumma da auduga.

A rabon matsayi ne ake yawan yin ɓarna. Kada ki naɗa Khalifa sarki ki sa 'ya'yan abokiyar zamanki su zama dogaransa. Yaran ba za su ga komai ba, amma uwarsu za ta gani, danginta ma za su gani a hoto, kuma maganar za ta daɗe ba ta mutu ba. Kujerar sarki ta Abbansu ce, ko kakansu idan yana kusa. Yaran gida maza duk hakimai ne, kowa da dokinsa iri ɗaya: wannan Madaki, wannan Galadima, wannan Ciroma. Abin da zai bambanta Khalifa alkyabba ce kawai, da kuma cewa shi zai rufe hawa. Rigar dogari ki ba abokansa biyu da suka nuna suna so. Za ki ga har rububinta ake yi. Kuma mutumin da ya ce bai taso ya ga ana yi ba, idan aka shimfiɗa masa darduma 'ya'yansa suka zo a guje suna masa jinjina, da wuya ya ɗaure fuska.

Dawakan hakimai na kwali ne, guda uku. Ki nemi kwali mai kauri a wurin mai shago, mai tsawon kamar inci 20 da faɗin inci 12 zuwa 13. Wanda ya taɓa jiƙewa ki bar shi, ko ya bushe ba ya ƙara tsayuwa. Ki yanke marfin ƙasa gaba ɗaya, na sama kuma ki lanƙwasa su ciki ki liƙe, su ƙara wa gefe ƙarfi. Yaro zai shiga ciki kwalin ya tsaya masa a ƙugu. Maratayi biyu ne, ƙyalle mai faɗin inci 2 da tsawon inci 28 zuwa 30, ki auna a jikin kowane yaro. Ki huda kwalin inci ɗaya da rabi ƙasa da baki, amma kafin ki huda ki manna salatef mai faɗi ciki da waje a wurin. In ba haka ba sukuwar farko ƙyallen zai yaga kwalin. A baya ki gitta maratayan, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Idan suka tafi a miƙe, zamewa suke yi daga kafaɗa, yaro ya yini yana gyara.

Kan dokin shi ne mai ba da wahala. Ki zana kai da wuya a kwali biyu, ki yanke, ki manne su wuri ɗaya. Ki duba bakin kwalin, za ki ga 'yan ramuka a jere kamar bututu. Su tafi daga ƙasa zuwa sama tare da tsawon wuyan. Idan suka kwanta a gicciye, wuyan zai karye daidai kan layi, doki ya sunkuyar da kai tun ba a fara ba. Ki bar ƙarin inci 5 a ƙasan wuya, ki tsaga gaban kwalin ki zura shi, ki buɗe ɓangarorin biyu daga ciki kamar fukafukai ki liƙe kowanne. Gam fari irin na kafintoci ya wadatar. In babu, ki dama kofi ɗaya na fulawa da kofi uku na ruwa, ki ɗora a wuta kina juyawa har ya yi kauri kamar koko, ki zuba cokali ɗaya na gishiri, ya huce. Ki shafa kaɗan-kaɗan, ki danne da littattafai ya kwana. Idan ya yi yawa kwalin zai sha ruwa ya lauye. Gam mai wari na masu gyaran takalmi da mai kama fata nan take, kada ko ɗaya ya shigo inda yara ke aiki. Fenti ma kina iya haƙura da shi. Ragowar atamfa ko leshi da aka yafa a bayan kwalin ta zama jalala, zaren saƙa ya zama geza da wutsiya, kintinkiri ya zama linzami, takardar kyalli ta cikin kwalin shayi ko ledar madarar gari da aka juya ta yi adon goshi. Wuƙa da reza a hannunki suke, manne-manne da ado ki bar wa yaran gida su huɗu. Rabin daɗin bikin a wannan satin yake, kuma dokin da Khalifa ya yi wa geza da hannunsa ba zai raina shi ba.

Baƙi kuwa dokin kara ya ishe su. Kara mai kauri, tsawonsa ya kai ƙirjin yaro, a kankare ɓawon ganyen da ke gaɓoɓi sosai domin yana yanka hannu. A cusa tsumma a tsohuwar safa, a sa a kan karan, a ɗaure tam da ƙyalle, a ɗinka kunne biyu. Ido ki yi da ƙyalle fari da baƙi. Maɓalli yana cirewa, ƙanin wani mai rarrafe ya tsinta ya kai baki. Idan ba lokacin kara ba ne, bututun roba da masu wayarin ke sakawa a bango yana yi, kuma ba shi da nauyi. Sandar katako kada ki ba su, don ko ba a yi niyya ba sai an kai wa wani a ka.

Rigar dogari ba ta buƙatar yankan wuya. Ki sayi yadi ɗaya da rabi ja, yadi ɗaya da rabi kore, na auduga mara nauyi mai faɗin inci 45. A Kantin Kwari ki tambayi masu ragowar yadi kafin ki yanki sabo. Ki wanke jan shi kaɗai da ruwan sanyi har sai ruwan ya daina fita ja, don idan ya zuba a jikin yaro mai gumi, farar singiletinsa ta tafi. Ki raba kowanne gida huɗu a tsawonsa, kowane sili kamar inci 11. Riga ɗaya sili huɗu ce: ja, kore, ja, kore. Ki haɗa su, amma a ɗinkin tsakiya ki tsallake inci 12 daidai rabi, ki maimaita ɗinki a bakin tsagar gaba da baya don kada ta farke. Wannan tsagar ita ce wuya, kan yaro zai wuce ba gardama. Ki ninka a kafaɗa, ki ɗinke gefe inci 6 kawai daga ƙasa, ki kalmashe bakin. Yadi ukun nan riga biyu za su ba ki, su sauka ƙasan gwiwa kaɗan. Kada ki ƙara tsawo don ta yi kyau a hoto. Gudu za su yi, rigar da ta kai idon sawu ita ke kayar da yaro.

Hakimai su sa kayan sallarsu, rawani ne kawai za ki yi. Naɗa wa yaro rawani kai tsaye ɓata lokaci ne, kafin ki gama na biyu na farko ya warware. Ki ɗauki tsohuwar hula da ta yi masa daidai, ki kifa ta a kan tukunya ko ƙwarya mai girman kansa, ki naɗa farin yadi mai shara-shara, tsawon yadi 2 faɗin inci 10, kina kamawa da allura da zare a kowane zagaye. Sai ya zama rawanin da ake sawa a cire kamar hula. Amawali ki bar shi. Duk abin da zai zagaye wuya ko haɓar yaro mai gudu haɗari ne. Kada kuma ki fitar da kunne biyu a sama, wannan na 'yan gidan sarauta ne, akwai dattawan da ba za su ji daɗin ganinsa a wasa ba. Alkyabbar Khalifa tsohon mayafinki mai ɗan kauri ya isa, ki rage shi ya tsaya a gwiwa, ki bi bakin da zare mai ruwan gwal. A wuya ki sa maɓallin dannawa wanda ke ɓallewa idan an ja, kada ki sa igiya. Idan wani ya taka ko ya fizgo daga baya, gara alkyabbar ta faɗi.

Kada 'yar abokiyar zamanki da sauran 'yan mata su zama 'yan kallo. Wadda ke son doki a ba ta doki. Sauran su yi shigar Fulani da farin zane da 'yar ƙwarya da faifai da tsakiya a wuya, su ne masu guɗa da kirari. Idan za a yi musu lalle, a yi da jan lalle na ganye, kwana ɗaya kafin ranar. Baƙin da ake haɗawa da dayis yana ƙona fatar wasu yaran, ya tashi ƙuraje ya bar tabo, kuma ba za ki san wadda jikinta ba ya so ba sai abin ya faru. Gashin baki ga maza, ki zana da sabon fensirin gira bayan kin gwada a hannun yaro tun jiya. Alƙalamin rubutu a allo da man goge takalmi ba na fata ba ne. Mai son gemun auduga irin na 'yan tashe ki ɗinka audugar a kan ƙyalle, amma ki sani auduga da yadin roba wuta ɗaya suke jira. Murhu da kaskon turare su bar tsakar gida kafin yara su shigo, kuma in za a kunna kyandir a kan kek, sai an tuɓe gemu da rawani da alkyabba tukuna. In son samu ne a bar kyandir ɗin, Abbansu ya yi addu'a a yanka.

Ga abinci. Yaro yana cin kamar rabin gwangwanin madara na ɗanyar shinkafa, don haka gwangwani 6 ya ishi yara 12 a dafa-duka, ki ƙara gwangwani ɗaya-ɗaya na manya. Kaza ɗaya babba tana fitar da yanka 12 zuwa 14. In ta yi tsada, dafaffen ƙwai ɗaya ga kowa, kuma babu mai cewa na wane ya fi nasa. Cincin ki soya kwana uku kafin ranar, ya huce sarai kafin ki rufe, in kin rufe da zafinsa zai yi laushi. Zoɓo kofi 2 na busasshe ya ishi lita 5 na ruwa da citta da kanumfari. Ki dafa da safiyar ranar, domin shi da kunun aya ba sa jure zafi idan babu wuta a firji. Ki ɗura a ƙananan robobi masu murfi, kuma kada ya fito sai an gama hawa an tuɓe fararen kaya. Gyaɗa da gurguru da alewa mai tauri kada su kai hannun 'yan ƙasa da shekara 4, suna sarƙe su. Balan-balan in ya fashe, wani babba ya tsince guntayen nan take, saboda dalili ɗaya.

Kek a tukunya yana yi lafiya lau. Bota giram 250, sukari giram 200, ƙwai 5, fulawa kofi 2, bekin fauda ƙaramin cokali 2, filebo kaɗan, madara cokali 3. Ki buga bota da sukari da muciya har su yi fari su yi sauƙi, wannan zai ci minti goma sha biyar, kuma a nan laushin kek yake. Ki sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan ki tankaɗe fulawa da bekin fauda ki juya a hankali. Da zarar farin gari ya ɓace ki tsaya, yawan juyi ke sa shi tauri. Ki shafa wa gwangwani mai faɗin inci 8 bota, ki barbaɗa fulawa, ki zuba kwaɓin kada ya wuce kashi biyu cikin uku. Babbar tukunya mai kauri, yashi mai tsabta kaurin inci ɗaya a ƙasa, ki rufe ta yi zafi minti goma sha biyar. Ki jera 'yan duwatsu uku a kan yashin ki ɗora gwangwanin a kansu. Idan ya zauna a yashi kai tsaye, ƙasa zai ƙone ciki yana ɗanye. Wuta ƙasa-ƙasa, minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma kada ki buɗe kafin rabin awa, iskar da ta shiga ita ke sa tsakiya ya lotsa. In da gawayi kike yi, ki ɗora 'yan garwashi a kan murfi saman ya yi ja. Ki soka tsinke, in ya fito a bushe ya yi. Ki gasa tun jiya, don in ya ƙi kina da sauran lokaci. Kwalliyar bota narkewa take a zafin Kano, ki ƙyale ta. Ki yanka siffar doki a takarda mai kauri, ki ɗora a kan kek ɗin da ya huce, ki tankaɗa garin sukari mai laushi a kai, ki ɗaga takardar a hankali da hannu biyu. Dokin zai fito ruwan ƙasa a tsakiyar fari.

Ki zaɓi Alhamis ko Juma'a, ranakun da yawancin Islamiyyu ke hutu, a fara bayan la'asar. Ki gaya wa iyayen baƙi da bakinki cewa ba sai an zo da kyauta ba. Minti ashirin na farko kowa ya karɓi dokinsa a sa masa suna da sarauta. Sai hawa: bokiti da aka kifa ya zama tambari, bututu da mazurari a baki ya zama kakaki, a zaga tsakar gida sau biyu, sannan jafi. Biyu-biyu za su sheƙo, su ja birki a layin da kika zana da toka taku uku kafin dardumar sarki, su ɗaga hannu su yi jinjina, dogarai su amsa musu gaisuwa. In kika sake su gaba ɗaya, karo za a yi a tashi da kuka. Ki kau da turmi da bokitan ruwa, ki rufe rijiya idan akwai, ki ɗage igiyar shanya. Bayan jafi a tuɓe, a wanke hannu, a ci, a yanka kek. Hotunan da 'ya'yan mutane suka fito a ciki, ki tura wa iyayensu, kada ki ɗora a Facebook ko WhatsApp sai da yardarsu.

Yaran unguwa za su ji tambari su taru a zaure, wannan ba makawa. Kada a kore su, kada kuma a buɗe ƙofa kowa ya shigo, tsakar gidan ba za ta ɗauka ba. Ki ƙulla cincin leda ashirin daban, ki sa wani babba a zaure ya ba kowa ɗaya, a yi masa godiya ya tafi. Ƙarfe shida saura kwata a fara sallamar baƙi, kowa da dokin karansa a hannu, a raka ƙanana har ƙofar gidajensu kafin kiran magariba. Dawakan kwali uku da rigunan dogarai ki rataye su a sama inda laima da gara ba za su kai ba. Idan ranar babban ɗan abokiyar zamanki ta zo, alkyabbar ce kawai za a sake wa tsawo.